Perrier: Abin Da Talla Ya Faɗa Da Abin Da Ke Cikin Kwalba

A garin Vergèze da ke kudancin Faransa akwai wani idon ruwa da ke ɓuɓɓugowa da kumfa, saboda iskar gas da ke tasowa tare da shi daga ƙarƙashin ƙasa. A shekarar 1903 wani attajirin Ingila, St John Harmsworth, ya sayi wurin daga hannun wani likita mai suna Louis Perrier. Ya laƙaba wa ruwan sunan likitan, ya ɗura shi a 'yar koriyar kwalba mai tumbi da siririn wuya, ya shiga kai wa manyan otal-otal. Tun daga ranar farko, ba ƙishirwa aka nufa da wannan ruwa ba. An nufi masu son a gan su da shi ne a kan tebur.

Babbar kasuwar ta buɗe a 1977, lokacin da kamfanin ya dira Amurka da tallan talabijin. Aka ɗauko fitaccen ɗan fim Orson Welles, mai kakkaurar murya, yana ba da labarin ruwan da ya fito daga cikin ƙasa tsarkakakke, da kumfarsa ta asali. Aka haɗa da ɗaukar nauyin gasar gudun fanfalaki ta birnin New York, don a ɗaura ruwan da ƙoshin lafiya. Cikin 'yan shekaru ciniki ya ninka sau da yawa, a ƙasar da kusan kowane gida ke da famfo. Abin da mutane suka biya kuɗi a kai kalma ɗaya ce, tsarki.

Wanda ya kafa kasuwarsa a kan wannan kalma kuwa ya ɗaure kansa da ita. A farkon 1990 ma'aikatan wani ɗakin gwaji a jihar North Carolina, waɗanda suka yarda da tsabtar Perrier har suke auna sauran ruwa da shi, suka ga na'urarsu tana nuna wani abu da bai kamata ba. Sinadarin benzin ne, wanda ake dangantawa da cutar daji. Adadin kaɗan ne, hukumomin lafiya ma sun ce ba zai yi wa mai sha lahani nan take ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Da farko kamfanin ya ɗora laifin a kan wani ma'aikaci da ya goge inji da abin da bai dace ba, daga baya ya amsa cewa matatar iskar gas ce ba a sauya a kan kari ba. Aka janye kwalabe kusan miliyan 160 daga kasuwannin duniya. Nan ne jama'a suka gane cewa ruwan daban ake jawo shi, gas ɗin daban, sai a masana'anta ake haɗa su. Hukumomin Amurka suka sa aka cire iƙirarin kumfar asali daga jikin kwalba. A 1992 kamfanin Nestlé ya saye Perrier.

A watan Janairun 2024 jaridar Le Monde da gidan rediyon Faransa suka bankaɗo cewa Nestlé ya daɗe yana tace Perrier da wasu ruwayensa da gawayi da hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta. Tacewar ba ta cutar da kowa, ita ake yi wa ruwan famfo. Matsalar ita ce dokar Faransa ta hana a yi wa ruwan da ake sayarwa da sunan na asali irin wannan gyara, domin wannan suna ne hujjar tsadarsa. A watan Afrilun shekarar kuma aka lalata aƙalla kwalabe miliyan 2, bayan an samu ƙwayoyin cuta a ɗaya daga cikin rijiyoyin wurin sakamakon mamakon ruwan sama.

Darasin ya shafe mu. A Najeriya akwai ruwan da daga idon ruwa ake ɗura shi, irin su Swan na Kerang a jihar Filato, amma akasarin ruwan gora da na leda daga rijiyar burtsatse yake, an tace an rufe. In an tace shi yadda ya kamata, ba shi da aibu. Hoton dutse da korama a jikin gora dai aikin mai zane ne, ba shaidar asali ba. Kafin ka biya, juya gorar ka duba lambar NAFDAC, da adireshin masana'anta, da ranar da aka ɗura da ranar ƙarewar wa'adi, ka kuma tabbata murfin bai taɓa buɗuwa ba. Waɗannan ne za a iya kama kamfani da su in ya yi ƙarya.