Idan Kifin Nemo Ya Daina Cin Abinci: Yadda Ake Gane Cutarsa da Yi Masa Magani

Wanda ya kalli fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya san kifin nan mai ruwan lemo da zane fari guda uku. Masana na kiransa Amphiprion ocellaris, asalinsa daga tekun Indiya da yammacin Pasifik. Yana cikin kifayen teku da suka fi sauƙin hayayyafa a tankin gilashi a gida. Macen takan saka ƙwai a kan dutse, namijin ya yi ta fifita su har su ƙyanƙyashe cikin kamar mako ɗaya.

To amma rashin ɗaya daga cikinsu babbar asara ce. Duk kifin Nemo namiji ake haifarsa, wanda ya fi girma ne ke rikiɗa ya zama mace. In macen ta mutu, namijin zai maye gurbinta, sai dai kafin a samo masa sabon aboki su saba har su fara ƙwai, an ɗauki watanni.

Fara da ruwa

Kafin ka zargi cuta, auna ruwan. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, ita kuma tana ƙona gaɓar numfashin da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa. Sai ka ga yana haki kamar mai cuta, alhali guba ce. Amoniya da naitirait su kasance sifili, zafi wajen digiri 26, gishiri kuwa kusan giram 35 a kowace lita. In matsalar daga nan take, canza wani kaso na ruwan ya fi kowane magani.

Haka kuma kumburin ciki ba kullum ne ciwo ba. Macen da ta kusa saka ƙwai cikinta na cika, tana cin abinci sosai, su biyun suna ta goge dutse da baki. Wadda ta kumbura kuma ta ƙi ci, ita ce abin damuwa.

Cututtuka uku masu kama da juna

Ta farko Brooklynella hostilis, wadda masu kiwo ke kira cutar kifin Nemo saboda yawan kama shi. Lom da Nigrelli ne suka bayyana ta a 1970. Jikin kifin yakan rufe da farin yauƙi mai kauri yana saɓulewa, launinsa ya dusashe, ya daina ci. Ƙwayar tana rabuwa gida biyu a jikin kifin kai tsaye, shi ya sa takan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ta biyu Cryptocaryon irritans. Ita kuwa fararen ɗigo ne kamar an barbaɗa gishiri, kana iya ƙirga su. Kifin yana goga jikinsa a dutse, amma yakan ci gaba da cin abinci da farko.

Ta uku Amyloodinium ocellatum. Ɗigonta ƙanana ne ƙwarai kamar ƙura, kuma ta fi zama a gaɓar numfashi. Sau da yawa haki kawai za ka gani, da kifin yana tsayawa a bakin famfo inda ruwa ke fitowa da ƙarfi.

Magani

Ka mayar da kifayen duka biyun wani tanki daban marar yashi da duwatsu, ko da ɗaya ne ya nuna alama. Tagullar da ake magani da ita tana kashe animoni da murjani da jatan lande, duwatsu kuma suna tsotse ta.

Taimakon gaggawa shi ne tsoma kifin minti 3 zuwa 5 a ruwa marar gishiri, wanda aka cire wa kulorin, zafinsa da tsaminsa daidai da na tankin. Masu kiwon tarwada suna zuba gishiri don kashe ƙwayoyin fata, wannan kishiyarsa ce. Ruwa ya kwarara cikin ƙwayar ta fashe, kifin kuma ya jure. Sauƙi ne kawai ake samu, cutar na nan.

Brooklynella ba ta jin tagulla sosai, wankan fomalin ake yi mata. Fomalin guba ne, kuma yana rage iskar da ke cikin ruwa, don haka a sa safar hannu, a ƙara iska, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba.

Sauran biyun tagulla ce maganinsu, tsakanin miligiram 0.15 da 0.20 a lita in gishirin tagulla ne zalla, a riƙa aunawa kullum, domin tazarar da ke tsakanin magani da guba kaɗan ce.

Inda mutane ke ruɗuwa

Ɗigon Cryptocaryon yakan ɓace bayan kwana 3 zuwa 7, mai kifi ya ce alhamdulillahi. Ashe ƙwayar ce ta sauka ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta da ɓawo tana rarrabuwa zuwa ɗaruruwa. Tagulla ba ta taɓa ta a jikin kifi, ba ta taɓa ta cikin ɓawo. Sai 'ya'yan sun fito neman kifi take kashe su. Shi ya sa ake ci gaba da magani har wata guda, babban tankin kuma a bar shi ba kifi kamar mako 11, tunda an taɓa ganin wasu sun kai kwana 72 kafin su fito.

Ƙwan da ke kan dutse fa? Ka haƙura da su. Ma'auratan da suka warke suka samu abinci mai kyau sukan koma saka ƙwai kusan duk mako biyu. Duk sabon kifin da ka sayo kuma, ka killace shi mako 4 zuwa 6 kafin ya shiga cikinsu, domin ta nan cutar ta fi shigowa.