Kafin Ka Yar Da Tsohuwar Kwamfutarka, Juya Ta Ka Duba Bayanta

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, maganganu biyu ke yawo tsakanin masu kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma kowacce da gyara. Wasu na cewa duk kwamfutar da ke kan Windows 10 ta gama yayi, sai a nemi sabuwa. Wasu kuma, galibi masu shago, cewa suke a kawo su ƙara mata RAM, ta hau Windows 11 lafiya lau.

Kwamfutar ba ta mutu ba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da ake aiko mata, kuma ko su an ba wanda ya yi rajista ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026. RAM kuwa ba shi ke hana hawa Windows 11 ba, don gigabayit 4 kacal take nema. Masu hanawa su ne guntun tsaro na TPM 2.0 da shekarun furosesa: a ɓangaren Intel sai ƙarni na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Mai Core i5 ƙarni na shida ko ya cika ta da gigabayit 32, a wurin Microsoft ba ta cancanta ba.

Duk da haka, ƙarin RAM na cikin gyare-gyare mafi araha da ke dawo wa tsohuwar kwamfuta da kuzarinta. RAM teburin tela ne: in ya yi ƙanƙanta, sai tela ya yi ta naɗe wannan yadi yana ajiyewa kafin ya shimfiɗa wancan, aiki ya yi ta jan ƙafa. Mai gigabayit 4 da ya buɗe shafuka goma a Chrome ya haɗa da Word ya san wannan azaba. Kai ta 8 ko 16, ka ga bambanci nan take.

Aikin kansa bai kai a tsaya dogon bayani ba. Buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna Memory, za ka ga gurbi nawa ke ciki da nawa aka cika. Ka tabbatar da irin naka: DDR3, DDR4 ko DDR5, don ba sa shiga gurbin juna, tsagar kowanne wurinta daban. Masu tsofaffin HP da Dell su lura da DDR3L mai bolt 1.35, wanda ake yawan rikita shi da DDR3 mai 1.5. Kashe kwamfutar, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, taɓa ƙarfe don wutar jikinka ta fita, sannan ka sa sukundireba; in batir na ciki ne, ka zare wayarsa da zarar ka buɗe murfin. Riƙe RAM ɗin ta gefe, zura shi a karkace, danna ƙasa har maƙallan biyu su kama. Wanda ke kan Windows mai bit 32 kada ya wahalar da aljihunsa, ba ta ganin abin da ya haura 4. Farashin RAM ne dai ya ɗaga, don Samsung da SK Hynix da Micron, waɗanda kusan duk kasuwar ke hannunsu, sun fara janye jiki daga DDR4 a 2025.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mutane da yawa za su kwance murfi su tarar babu gurbin ma. An liƙe RAM ɗin da dalma a jikin bod tun daga masana'anta. Apple ya yi haka a MacBook Air a 2008, ya maimaita a MacBook Pro mai fuskar Retina a 2012, sauran kamfanoni suka bi sahu a siraran kwamfutocinsu. Hujjarsu ita ce sirantaka da sauri da daɗewar batir, kuma ba ƙarya ce zalla ba. Amma wa ke biyan kuɗin wannan ado? Bature ko Ba'amurke da ya saye ta sabuwa zai more ta shekara uku ko huɗu ya canza. Daga nan a zuba ta a kwantena zuwa Legas, ta bi ta Computer Village a Ikeja, ta iso Kano ko Kaduna hannun ɗalibin da ya yi wata da watanni yana tara kuɗi. Shi ne zai gaji gigabayit 4 da ba ya ƙaruwa, kuma ranar da guntu ɗaya ya lalace, bod ɗin gaba ɗaya ya tashi aiki. Kwamfutar da ba ta gyaruwa shara ce tun tana cikin jirgi, sai dai ba a rubuta haka a takardar kwastan ba.

Mun manta cewa ƙasar nan ta taɓa tsayawa kai da fata a kan sharar waje. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a Koko, ƙaramin garin gaɓar ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, Delta ta yanzu. Ganguna suka riƙa yoyo a rana, ma'aikatan da aka sa kwashewa wasunsu suka kwanta asibiti. Gwamnatin Janar Babangida ta kira jakadanta daga Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya a Legas, har aka kwashe kayan aka mayar inda suka fito. A shekarar aka yi Doka ta 42, mai tanadin ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. Hayaniyar Koko na cikin abin da ya ingiza duniya ga Yarjejeniyar Basel a 1989, sannan ƙasashen Afirka, da suka ga ba ta ƙosar da su ba, suka yi tasu a Bamako a 1991. Yaran makarantunmu nawa suka taɓa jin sunan Koko? Gubar yau ba a ganga take zuwa ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma wadda aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wanda ya ga hayaƙin wayoyin da matasa ke ƙonawa a Agbogbloshie ta Accra, kafin a rushe wurin a 2021, ya san inda wani kason ke ƙarewa.

Waɗanda suka ƙirƙiro matsalar ma sun fara farga. Tun Janairun 2021 Faransa ta tilasta a liƙa wa kwamfutar tafi-da-gidanka maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaranta, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara. A 2024 ɗin dai Lenovo ya fitar da ThinkPad P1 mai sabon samfurin RAM da ake kira LPCAMM2, siriri, mai sauri, kuma da noti ake ɗaure shi. Ashe ana iyawa.

Mu fa? Ma'aikatu da jami'o'i da gwamnatocin jihohi na sayen kwamfutoci ɗari-ɗari suna rabawa, a ɗauki hoto, a tafa. Me zai hana a sa layi ɗaya a takardar kwangila cewa sai mai gurbin RAM da batir mai ciruwa? Ba ya buƙatar majalisa, ba ya buƙatar kwamiti. Kwalejojin fasaha su koya wa kowane ɗalibi, mace da namiji, kwance murfin kwamfutarsa a zangon farko. Kai kuma mai shirin saye, daina tsayawa kan sheƙin jiki da launi. Ce wa mai shago ya buɗe maka Task Manager a gabanka, ka ga gurbin da idonka kafin ku fara ciniki. In ya hau kame-kame, shago na gaba yana nan.