Wuƙaƙe Biyu: Wace Ce Ta Fi Ƙarko?

Malamin da aka tura makarantar ƙauye ba ya rabuwa da wuƙa. Da ita zai fiƙe tsinke a darasin aikin hannu, da ita zai yanke igiya a lambun makaranta, in kuwa shi ne mai kula da 'yan Sikawut, to, da ita zai koya musu sassaƙa turakun tanti. Sau da yawa in mutum ya je saye, sai idonsa ya tafi kan wadda ta fi girma da kauri, ya ce ai wannan ita za ta daɗe. Abin ba haka ya ke ba kullum. Don mu gane dalili, bari mu ɗauki wuƙaƙe biyu da suka yi suna a duniya mu jera su. Dukansu irin waɗanda ba a naɗewa ne, watau ruwan wuƙar a kafe ya ke cikin ƙota, a kan sa su cikin kube. Ɗaya sunanta Ka-Bar, daga Amurka, ɗaya kuwa Mora, daga ƙasar Suwidin.

Asalinsu

Ka-Bar wuƙar soja ce. A ƙarshen shekarar 1942, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar Amurka mai yaƙi a ruwa da tudu ta karɓe ta ta zama wuƙar mayaƙanta. Kamfanoni da dama suka ƙera ta, amma sunan da wani kamfani na garin Olean a Jihar New York ya ke bugawa a jikin tasa, watau Ka-Bar, shi ya bi wuƙar har yau. Abin da aka nema a gare ta shi ne ta yi faɗa, ta kuma yi wa soja aikin yau da kullum, kamar buɗe gwangwani da sare reshe da tonon ƙasa.

Mora kuwa sunan wani gari ne a lardin Dalarna na Suwidin, ƙasar dazuzzuka da masassaƙa. A shekarar 1891 wani mutum mai suna Frost-Erik Erson ya kafa masana'antar wuƙa a ƙauyen Östnor kusa da garin. Manoma da kafintoci da masunta su ne masu sayenta tun farko. Ta dā ƙotarta ta itace ce, a kan shafa mata jan fenti. Wadda ta fi yawa a kasuwa yanzu, mai suna Companion, ƙotarta ta roba ce, ita ce kuma za mu gwada da Ka-Bar.

Ƙirarsu

Ruwan Ka-Bar tsawonsa inci 7 ne, kaurinsa wajen milimita 4, nauyin wuƙar duka kuwa kamar oza 11. Bakinta an zaftare shi daga baya don ya yi tsini, akwai kuma wani ƙarfe da ya gitta tsakanin ruwa da ƙota, mai hana hannu zamewa kan kaifi. Ƙotar 'yan faya-fayan fata ne aka zura ɗaya bisa ɗaya, aka matse su, aka danne da dunƙulen ƙarfe a gindi.

Ruwan Mora ya ɗan ɗara inci 4, kaurinsa milimita 2 zuwa 2 da rabi, nauyinta da kubenta duka kamar oza 4. Ka ga ke nan Ka-Bar ta kusa ninka ta uku a nauyi. Amma babban bambancinsu yana wajen yadda aka fitar da kaifi. A jikin Mora gangare ɗaya ne mai faɗi ya sauko sosai har bakin kaifi, shi ya sa ta ke shiga itace kamar kurfi, ta fitar da siririn ɓawo. Ka-Bar kuwa gangare biyu gare ta, babba da wani ƙarami a can bakin, don haka bakinta ya fi kauri. Bakin da ya yi kauri ya fi jure sara, amma in aka zo sassaƙa ko fiƙe abu, sai ya riƙa turjewa.

Ƙarfen da aka yi su da shi

Abin da ke sa baƙin ƙarfe ya yi tauri shi ne kabon, watau sinadarin nan da ke cikin gawayi. Ƙarfen Ka-Bar yana ɗauke da kabon kusan kashi 1 cikin 100. A kan ƙona shi ya yi ja, a tsoma shi ya huce farat ɗaya, sa'an nan a sāke ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai saurin karyewa. A nan akwai ciniki da ya kamata kowa ya sani: in ƙarfe ya cika tauri, yana riƙe kaifi, amma yana ɓalgacewa, in ya cika taushi, ba ya karyewa, amma nan da nan ya dakushe. Turawa suna auna taurin da wani ma'auni mai suna Rokwel. Ka-Bar tana tsakanin 56 da 58 a kansa, Mora mai ƙarfen kabon kuwa tana kai wa 58 zuwa 60. Watau ƙaramar ta ɗan fi babbar tauri, domin an yi ta don yanka ne, ita kuwa babbar an bar mata ɗan sassauci don ta sha duka.

Aibin ƙarfen kabon ɗaya ne, tsatsa. An rufe ruwan Ka-Bar da baƙin shafi don kare shi, amma bakin kaifi a buɗe ya ke, shafin kuma yana gogewa da aiki. Mora iri biyu a ke yi, akwai ta kabon, akwai kuma wadda aka gauraya ƙarfenta da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 13 cikin 100, ita ce ba ta saurin tsatsa. Wanda zai zauna inda damina ke da tsawo, iska kuma ke da laima, ya lura da wannan ƙwarai.

Inda wuƙa ke karyewa

Yanzu mun zo kan abin da ido ba ya gani. Ruwan kowace wuƙa yana da wutsiya ta ƙarfe wadda ta shige cikin ƙota. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda maƙeri ke ƙona wannan wutsiya ya cusa ta cikin itace. To, wuƙaƙe da yawa a mahaɗar ruwa da wutsiya su ke karyewa, domin a nan ne faffaɗan ƙarfe ya koma siriri.

Wutsiyar Ka-Bar ta ratsa ƙota har gindi, amma siririya ce in aka gwada ta da faɗin ruwan. Ga shi kuma ruwan dogo ne, kowa kuwa ya san tsawon sanda shi ke ƙara mata ƙarfin banƙara. In mutum ya soka ta cikin tsagar itace ya danna gefe da ƙarfi, duk nauyin a wannan mahaɗa zai taru, sai ta lanƙwashe ko ta karye. Wutsiyar Mora ba ta ma kai gindi ba, ta tsaya a kamar kashi uku cikin huɗu na tsawon ƙota, sai dai roba ta kama ta kam ta ko'ina, ruwan kuma gajere ne. Duk da haka siririn ruwa ba na banƙara ba ne, bakinta kuma in ya ci karo da ƙashi ko ƙusa ya kan yi giɓi. Sai a shekarar 2016 masu Mora suka fitar da wata mai suna Garberg, wadda wutsiyarta mai faɗi ta ratsa ƙota gaba ɗaya, don masu son aikin ƙarfi.

Ƙota ma tana da nata kwanan. Fata tana da daɗin riƙo, amma in ta jiƙe ta bushe sau da yawa sai ta motse, faya-fayan su yi sako-sako, in laima ta daɗe kuwa ta yi fumfuna. Roba ba ruwanta da ruwa, amma tana tsoron wuta.

Wace za a zaɓa?

In aikin na sara ne da tono da duka, Ka-Bar ta fi jurewa. In na sassaƙa ne da yanka, irin na aji da lambu, Mora ta fi dacewa, ga sauƙin washi: sai ka kwantar da gangaren nan nata a kan dutse ka goga, shi zai nuna maka yadda za ka riƙe. Kuɗin Ka-Bar ɗaya kuwa ya isa sayen Mora uku ko fiye, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga sabon malami.

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Haka wuƙa ta ke, ba ranar saye a ke sanin ƙarkonta ba. Ka goge ta bayan aiki, ka shafa mata ɗan mai, kada ka bar ta ta kwana cikin jiƙaƙƙen kube, kada ka mai da ita gatari ko sukundireba. Ka kuma tuna dakusasshiyar wuƙa ta fi yanke mutum, domin sai an danna ta da ƙarfi, daga nan ta kuɓuce. In za ka ba yara a aji, koya musu su riƙa yanka suna nesanta kaifi daga jikinsu, ka ƙirga wuƙaƙen kafin a tashi.