Man cire gashin ƙafa: hukuncinsa da yadda ake aiki da shi a gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata tambaya ce ta iso mana daga ajin mata, a rubuce a takarda ba suna, kuma ba sau ɗaya ba: shin ya halatta mace ta shafa man nan da ake sayarwa a farmasi da butik, irin su Veet da Nair, don ta kawar da gashin ƙafarta? Wasu samari ma sun yi irin wannan tambayar ta bayan fage. Allah Ya yi wa masu tambayar albarka. Uwar muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Amsar a taƙaice, halal ne. Sai dai man nan yana da haɗari ga fata in ba a san kansa ba, kuma akwai lokuta uku da hukuncin yake canzawa.

Malamai sun kasa gashin jikin mutum gida uku. Akwai wanda aka umarce mu da kawarwa, wato gashin mara da na hammata da rage gashin baki. Hadisin Anas a cikin Sahihu Muslim ya iyakance mana kada a bar su, tare da farce, su wuce kwana 40. Akwai wanda aka hana taɓawa, kamar aske gemu ga namiji da tsige gira. Sai na uku, wanda nassi bai yi umarni a kansa ba kuma bai hana ba: gashin ƙwauri, na cinya, na hannu, na ƙirji. Abin da shari'a ta yi shiru a kansa rangwame ne daga Allah. Gashin ƙafa a nan yake, kuma iyakar kwana 40 ɗin nan ba ta shafe shi ba.

Ɗalibanmu da suka kai ƙarshen Risala sun san wurin. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, a babin da ya yi maganar fiɗira da kaciya da tufafi, bayan ya ambaci aske gashin mara sai ya nuna babu laifi a aske sauran gashin jiki. Masu sharhi, irin su mai Samarud Dani, suka misalta da gashin hannu da na ƙafa, suka ce ga maza halal ne kawai, wanda ya so ya yi, wanda ya so ya bari. Ga mata kuwa har suka kai shi ga wajibi, don barinsa muni ne a jikin mace. To, dalilin da suka dogara da shi ke nan, muni. A fahimtata, macen da gashin ƙafarta bai taka kara ya karya ba, kuma da yawan matanmu haka suke, ba a ɗora mata nauyin komai ba. Kada wata ta ji wannan magana ta je ta sayo mai ta ƙona kanta a kan abin da ko mijinta bai lura da shi ba. Shi kuwa namiji, in yawan gashi na damunsa da zufa da ƙaiƙayi, ya kawar. Abin da zai kiyaye shi ne niyyar kamanceceniya da mata.

Wasu na ganin tun da man daga Turai ya zo, sabon abu ne da littattafanmu ba su sani ba. Sun san shi sarai. Sunansa nura, da wasalin u mai ja. Haɗi ne na farar ƙasa, irin wadda ake ƙona dutse a samu a shafe bango da ita, da wani ma'adini mai guba da Larabawa ke kira zarnihi. A kwaɓa, a shafa a jiki, a ɗan jira, a wanke, gashi ya bi ruwa. Ibnu Majah ya ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi (SAW) ya yi amfani da ita, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin. Imamu Nawawi ya ambace ta cikin hanyoyin da suka halatta a kawar da gashin mara, tare da aski da sausaye da tsigewa, tun da abin nema shi ne tsabta. Masu zuwa tafsirin watan azumi kuma sun sha jin labarin Bilƙisu a Suratun Namli, aya ta 44, inda ta zaci daɓen fadar Annabi Sulaimana ruwa ne ta yaye ƙwaurinta. Jalalaini ya kawo cewa shaiɗanu ne suka haɗa nura don a kawar da gashin ƙwaurin nata. Ibnu Kasir bai yarda da waɗannan ruwayoyi ba, ya ce sun fi kama da abin da aka ɗauko daga Ahlul Kitabi. Ba ma gina hukunci a kan labarin, amma ya ishe mu shaida cewa magabata sun san abin tun tuni.

Man yau jikan nura ne. An cire gubar zarnihi, an sa wani sinadari da ake kira tiyogilikolat, kuma yawancinsu har yanzu da sinadarin farar ƙasa a ciki. In kana son ka gane aikinsa, je ka majema ka ga yadda ake jiƙa fata cikin ruwan toka ko na farar ƙasa kafin a kankare gashinta. Gashi an gina shi ne da wani abu mai tauri da ake kira keratin, wanda wasu ƙulle-ƙulle na farar wuta suke riƙe da shi. Man yana kwance waɗannan ƙulle-ƙullen, gashi ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, a share shi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji, wanda turaren cikin man ba ya iya rufewa duka, na farar wutar ne.

Ga inda matsalar take. Saman fatar mutum ita ma keratin ce. Man bai san bambancin gashi da fata ba. Gashi ya fi saurin narkewa, shi ya sa in an wanke da wuri fata ke tsira. In an bar shi ya daɗe, sai ya gama da gashi ya koma kan fata, kamar yadda man miƙar da gashi ke ƙona fatar kan mata in an yi sakaci. Saboda haka mintocin da aka rubuta a jikin kwali ba ado ba ne. Yawanci tsakanin minti 3 ne zuwa 10, gwargwadon irin man, kuma ba a wuce iyakar da aka rubuta ko da gashin bai gama fita ba. Ƴaƴana mata, a duba agogo ko a saita salula. Kada ki shafa ki ce bari in ɗora tukunya, ko bari in amsa sallamar maƙwabciya. Da yawan kwalayen da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta su. Wadda ba ta karanta boko ta sa ƴarta ko ƙawarta ta karanta mata tun daga farko har ƙarshe, ta kuma duba mata ranar lalacewar man. Wanda ya sha rana a kan teburin kasuwa, ko aka ɗura a wata roba ba suna ba rubutu, a bar wa mai shi kayansa.

Kafin a shafe ƙafa duka, ana gwadawa a ɗan wuri kaɗan a ƙwauri, a wanke a kan lokaci, a jira awa 24. In ba ja, ba kumburi, ba ƙuraje, sai a ci gaba. A shafa a kan fata mai tsabta busasshiya, a rufe gashin da kauri, ba a murza shi kamar man shafawa. A wanke hannu nan take. Da ƙaramin lokacin da aka rubuta ya cika, a gwada kankare gefe ɗaya da ƴar robar da ke zuwa cikin kwalin. In gashi ya biyo, a kwashe duka, a ɗauraye da ruwa mai yawa, mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, ba da soso ba. A bar turare da duk mai mai ƙamshi har kwana guda, kuma ba a maimaitawa a wuri ɗaya sai bayan kwana 3. In aka ji zafi ko raɗaɗi tun lokaci bai cika ba, ba alamar magani na ci ba ne, ƙuna ce ta fara. A wanke nan da nan, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi kamar minti 20. Kada a sa man goge baki ko ƙwai ko gishiri. In wurin ya tashi ya yi ruwa, sai asibiti.

Akwai waɗanda nake ba shawara su haƙura da shi ɗungurungum. Mai rauni ko ƙurji ko makero a ƙafa, da wadda hunturu ya farfasa wa fata, su bari sai sun warke. Mai ciwon sukari kada ya kusance shi sai ya tambayi likita, domin ciwon ƙafa a wurinsa ba ya warkewa da wuri, kuma wani ba ya ma jin zafin ƙunar sai ta yi nisa. Sai masu shafa man bilicin. Wannan maganarsa daban ce, mun sha yin ta a kan mumbari, amma a nan abin da ya shafe mu shi ne yana sa fata ta yi siriri ta rasa ƙarfinta, mintocin da fatar wata za ta jure ita ba za ta jure ba. A kuma tuna, baƙar fata in ta ƙone takan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni bai gushe ba. An je neman kyau an dawo da tabo. Ƙa'idar shari'a sananniya ce, ba a cutar da kai kuma ba a cutar da wani, don haka wanda ya tabbatar man na cutar da shi, barinsa ya zama dole a kansa, ga reza nan. Wanda aka yi don ƙafa kuma ba a kai shi fuska ko al'aura, fatar can ba irin ta ƙwauri ba ce.

Ta wajen tsarki abin da sauƙi. Kawar da gashi ba ya warware alwala. Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya nuna wanda ya yanke farce ko ya aske kai bayan alwala ba zai sake wanke wurin ba. Abin lura shi ne saura. In man ya bushe ya daskare a idon sawu ko bayan ƙafa, ya zama shamaki tsakanin ruwa da fata, sai an kankare shi alwala ko wanka za su inganta, balle mu da cuɗawa farilla ce a mazhabarmu. Man kaɗe da aka shafa daga baya fata ta shanye, wannan ba ya hana komai. In kuwa ƙuna ta auku har ruwa na cutarwa, sai a yi shafa a kan wurin, in shi ma ba zai yiwu ba a yi a kan bandejin. Ba ya karya azumi. Mai haila da mai janaba suna iya yi. Maganar da ake yaɗawa wai gashin da aka cire da janaba zai kama mutum ranar Alƙiyama ba ta da wani ingantaccen dalili.

Sai al'aura. Tambayar ta ce a gida, kuma gidan ne ya fi. Al'aurar mace a gaban mace ƴar'uwarta daga cibiya ne zuwa gwiwa. Ƙwauri, wata mace na iya taimaka miki. Cinya da abin da ke sama da ita kuwa, ke da kanki ko mijinki. Wannan ya shafi masu gyaran amare da dilka da halawa, sana'ar da ta shigo mana ta wajen Sudan da Cadi. Sana'a ce mai kyau, amma biki ba ya halatta a tuɓe yarinya tsirara a gaban mai gyara da ƙawaye wai ai duka mata ne. Iyaye mata, wannan a hannunku yake. Kuma ƙwaurin da aka gyara bai fita daga al'aura ba a gaban maza waɗanda ba muharramai ba.

Saura lokutan nan uku. Na farko ihrami. Wanda ya yi harama da Hajji ko Umra, namiji ko mace, ba ya kawar da gashin jikinsa ta kowace hanya, kuma nura na cikin abin da littattafanmu suka ambata da suna. Wanda ya yi, fidiya ta hau kansa: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6 kowane mudun Nabiyyi 2, ko yanka akuya ko tunkiya. Maniyyata su gama gyaransu kafin su isa miƙati, kuma kada a bari sai daren tafiya, don in ƙuna ta auku a samu lokacin jinya. Na biyu goman farko na Zulhijja ga mai niyyar layya. An so ya bar gashinsa da farcensa har ya yanka. A wurin Malikiyya mustahabbi ne, wanda ya cire bai yi zunubi ba kuma layyarsa ta yi.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa, takaba. Matar da mijinta ya rasu tana barin ado wata 4 da kwana 10, mai ciki kuma har ta haihu. Halil ya lissafa abubuwan da za ta nisanta, a ciki har da shafe jiki, masu sharhi kuma suka fassara shi da shafa nura, sai in da lalura. A wuri guda kuma ya halatta mata aske gashin mara, domin wancan tsabta ce, wannan ado ne. Man yau ma ya ƙara da turare a cikinsa, wanda shi kansa an hana ta. Saboda haka mai takaba ta ci gaba da wankanta da yanke farce da gyaran hammata da mara, man ƙafa kuwa ta ajiye shi sai ta fita. Wallahu a'alamu.