Zurfin yashin da ya dace da akwatin kifin ado mai tsirrai

Mai son ƙawata falonsa da akwatin gilashi na kifi a Kontagora ba ya rasa yashi, domin kogin Kontagora na kusa. Abin da ke buƙatar lura shi ne yawan yashin da za a shimfiɗa a gindin akwatin, musamman idan za a haɗa tsirrai da kifayen da ke kiwo a ƙasan ruwa, irin su kurungu, wanda masunta ke kamawa a Tafkin Kainji.

Bukatun tsirrai da na kifin sun sha bamban. Tsiro mai saiwa, kamar bado, yana son wurin kafa saiwarsa. Shi kuwa kurungu da gashin bakinsa yake laluben abinci, yana tona ƙasa. Idan shimfiɗar ba ta kai santimita uku ba, kifin zai tumɓuke shukar. Idan kuma tsakuwa ce mai kaifi, takan raunata gashin bakin.

Zurfin da ya wuce kima ma yana da nasa haɗarin. Lallausan yashi yakan danƙare, ruwa ya kasa ratsa shi. Ragowar abinci da kashin kifi sai su ruɓe a inda babu iskar oksijin, su haifar da iska mai guba da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kifin da ke kwance a ƙasa shi ke fara shaƙarta. Lamarin ya fi muni a zafin watannin Maris da Afrilu, saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, balle idan an ɗauke wuta, famfon iska ya tsaya.

Ma'aunin da masu kiwon suka saba bi shi ne santimita biyar zuwa bakwai. An fi so a karkata shimfiɗar: kamar santimita huɗu a gaba, inda kifi ke kiwo, bakwai zuwa takwas a baya, inda ake shuka. Don sanin adadin yashi, a ninka tsawo da faɗi da zurfi, a raba da 1,000. Akwati mai tsawon santimita 60 da faɗin 30, a zurfin shida, zai ci kusan lita 11.

Kafin a zuba yashin kogi, a tankaɗe shi, a wanke har ruwan ya fito garau. Bado kuwa gara a dasa shi cikin ƙaramin kasko, a jera duwatsu masu santsi a kansa. Tsiron Anubias, ɗan asalin Afirka, ba a binne jijiyarsa. Ɗaure shi ake yi a jikin dutse ko itace.

Duk lokacin sauya ruwa, a motsa saman yashin a hankali. Idan kumfa ta taso da wari, lokacin rage zurfin ya yi.