DAKALIN ƘOFAR GIDA A YOLA DA JIMETA: INA KUƊIN KE TAFIYA?

Duk wanda ya zaga unguwannin Rumde da Limawa da Jambutu a Jimeta, ko ya shiga cikin garin Yola, zai lura cewa magidanta sun daɗa ba da ƙarfi wajen tayar da dakali a ƙofar gidajensu. A da dakali wurin hira ne, inda dattijo ke shimfiɗa buzu bayan La'asar ya karɓi gaisuwar baƙi. Yanzu kuwa ya sami aiki na biyu, watau tare ruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Garuruwan biyu suna gefen kwarin Kogin Binuwai ne, kuma tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a ƙasar Kamaru cikin 1982, duk shekarar da aka saki ruwa mai yawa sai jama'ar Adamawa sun ji a jikinsu, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Madatsar Dasin Hausa da aka shirya ginawa a yankin Fufore domin ta tare wannan ruwa ba a kammala ta ba. Amma ruwan da ya fi damun talaka kowace damina shi ne na sama, wanda ke rasa hanya saboda cushewar lambatu, ya bi titi ya faɗa zaure. Irin wannan ne dakali ke iya tarewa. Babbar ambaliya kam ta fi ƙarfinsa.

To, nawa ne aikin? Alal misali, a ɗauki dakali mai tsawon ƙafa 12, faɗin ƙafa 6, tudunsa ƙafa 2. Tun da yake gefe ɗaya jingine yake da bangon gida, gefe uku za a gina. Bulo mai inci 9 tsawonsa inci 18 ne, saboda haka kowane layi zai ci bulo 16, layi biyar kuwa, har da na cikin ƙasa, bulo 80 ke nan. Kankaren da za a zuba a sama mai kaurin inci 4 zai ci siminti buhu 4 zuwa 5, idan an bi ƙa'idar buhu ɗaya da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. A haɗa da na harsashi da ɗora bulo da shafe, sai a tasam ma buhu 10.

Nan ne gizo ke saƙa. A tsakiyar 2023 ana sayen buhun siminti wajen N5,000, amma bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira, a watan Fabrairu na 2024 ya haura N10,000 a garuruwa da dama, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin siminti aka yi maganar N7,000 zuwa N8,000. Idan aka yi lissafi da N10,000, siminti kaɗai ya ci N100,000, ba a zo kan bulo da tsakuwa da ladan birkila da leburori ba. Bugu da ƙari, simintin daga nesa ake kawo shi, ko dai daga Ashaka ta Jihar Gombe ko daga masana'antun da suka fi can nisa, kuma kuɗin mota a kan mai saye yake ƙarewa. Abin da Allah ya huwace wa Jimeta shi ne yashi, domin ga kogi nan a bakin gari.

Wannan tsada ita ke sa mutane su nemi ragi, sau da yawa kuma a wurin da bai kamata ba. Abin da ke riƙe dakali shi ne cikon da ke ƙarƙashinsa. Kamata ya yi a zuba jar ƙasa ko marmara kaɗan-kaɗan, kamar inci 6 a kowane zubi, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sa'an nan a ƙara. Amma sai ka ga an cika ramin da baƙar ƙasar fadama ko ma shara, an zuba kankare a kai rana ɗaya. Baƙar ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, don haka kafin shekara biyu kankaren ya dare, ruwa ya sami hanyar shiga gindin bangon gida. Haka nan bulon da aka buga fiye da 40 daga buhu ɗaya, araharsa ta ranar saye ce kawai. Waɗansu kuma sukan yi kasalar ban ruwa, alhali a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sabon kankare na bukatar a riƙa jiƙa shi har kwana bakwai.

Game da fuskar dakalin, ra'ayi ya bambanta. Tayil na da kyan gani, sai dai mai santsi haɗari ne ga tsofaffi da yara idan ruwa ya taɓa shi, ga shi da ɗaukar zafi. Shafen siminti mai ɗan kaushi ya fi araha kuma ya fi aminci. Wanda ba shi da hali zai iya ginawa da dutse ko tubalin ƙasa ya shafe da siminti, muddin zai yi masa rumfa ta kare shi daga ruwan sama. In za a yi rumfar, ginshiƙin ƙarfe ya fi katako daɗewa saboda gara, kodayake azarar giginya ta magabata har gobe tana nan da ƙarkonta.

Akwai kuskure biyu da kuɗi ba sa gyarawa cikin sauƙi. Na farko shi ne a tayar da dakali ya fi daɓen zaure tsawo, ko a manta a karkatar da shi waje, sai ruwan da ake gudu ya riƙa gangarawa cikin gida. Na biyu shi ne cin hanya. Magidanta da yawa sukan shimfiɗa dakalinsu a kan lambatu su toshe shi, ruwan ya koma gidan maƙwabci wanda bai sami halin tayar da nasa ba, daga nan sai ƙara wurin mai unguwa. Hukumar tsara birane ta jihar tana da ikon rushe duk ginin da ya hau magudanar ruwa, kuma asarar a kan mai gidan take.