Ƙululu a mama: Dalilin da ya sa ɗakin gwaji kaɗai ke iya bambance kansa da wanda ba kansa ba

Budurwa 'yar shekara 19 a Tsafe da uwar 'ya'ya mai shekara 45 a Bungudu na iya jin abu iri ɗaya a lokacin wanka: ƙululu a cikin mama, ba zafi, ba ciwo. Na ɗaya yana iya zama tsiro marar illa, na ɗayar kuma ya zama kansa. Hannun mai shi ba zai iya bambance su ba, kuma ko likita ya taɓa, hasashe kawai zai yi har sai an duba naman a ɗakin gwaji.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano kansar mama a jikin mata kusan miliyan 2.3 a duniya, kuma ta kashe kimanin 670,000. A Najeriya ita ce kansar da ta fi kama mata, inda aka ƙiyasta sababbin masu ɗauke da ita sama da 30,000 a wannan shekarar. Duk da haka, akasarin ƙululun da ke fitowa a mama ba kansa ba ne.

Waɗanda ba kansa ba

Wanda aka fi gani a jikin 'yan mata da matan da ba su wuce shekara 35 ba shi ne wanda likitoci ke kira faiburo'adinoma. Yana da santsi, yana da iyaka, kuma yana zillewa ƙarƙashin yatsa kamar ƙwallon goruba a cikin ruwa. Ba ya yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki.

Akwai kuma ƙullin ruwa, wanda kan ƙara girma ya yi tsami gab da al'ada. Sai ƙurjin da kan kama mai shayarwa idan ƙwayoyin cuta suka shiga ta tsagewar kan nono, wanda ke zuwa da zafi, ja da zazzaɓi. Wannan na ƙarshe yana da nasa haɗarin: mai shayarwa na iya ɗaukar kowane kumburi a matsayin daskarewar nono, alhali kansa ma na kama mai ciki da mai goyo. Kumburin da ya ƙi sauka bayan an sha magani yana buƙatar a sake dubawa.

Yadda kansa ke farawa

Mafi yawan kansar mama na farawa ne a cikin hanyoyin da ruwan nono ke bi zuwa kan nono. Ƙwayoyin halittar da ke bangon hanyar sai su shiga hayayyafa ba tsari. Muddin suna cikin hanyar, cutar ba ta yaɗu ba. Idan suka fasa bango suka shiga naman da ke kewaye, sai su kama hanyar kaluluwar hammata, daga nan su kai ga ƙashi, huhu ko hanta.

Alamun da ke ɗaga hankalin likita sun haɗa da ƙululu mai tauri wanda ba ya motsi, lotsawar fata ko komawarta kamar ɓawon lemo, shigewar kan nono ciki, fitar jini daga gare shi, da kaluluwa a hammata. A farkon lamari yawanci babu zafi, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Maza ma na kamuwa, ko da yake ba su wuce ɗaya cikin 100 na masu cutar ba.

Abin da ake dubawa a ɗakin gwaji

Ƙa'idar bincike matakai uku ce: likita ya duba da hannu, a ɗauki hoto, sannan a ciro ɗan nama da allura. Ana saka naman a ruwan fomalin don kada ya lalace, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi, sannan ƙwararren likita ya duba shi a madubin ganin ƙananan halittu.

Takardar sakamakon tana faɗin ko kansa ce, wace iri ce, da kuma saurin girmanta. Akwai ƙarin gwaji da ke nuna abin da ke ciyar da ita. Wadda ke rayuwa da sinadarin mata na estirojin tana jin ƙwayar Tamoxifen, wadda ake sha na shekara biyar ko fiye. Wadda ke ɗauke da sinadarin HER2 tana da nata maganin, Trastuzumab, mai tsada sosai. Akwai kuma wadda ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu, sai ƙarin ruwan maganin kansa, kuma bincike ya nuna an fi samun irin ta a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Ba tare da wannan takarda ba, magani ya zama lalube a cikin duhu.

Inda ake tuntuɓe a Zamfara

Mace daga ƙauyukan Tsafe ko Bungudu kan fara ne da kemis ko mai maganin gargajiya, sannan babban asibitin ƙaramar hukuma, kafin a tura ta Gusau, zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan ana buƙatar gashi, sai an dangana da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Kuɗin mota, rashin tsaron hanya da jiran izinin maigida duk suna cin watanni, cutar kuwa ba ta jira.

Sai kuma maganar da ta yi kaka-gida a ƙasar Hausa, cewa "daji ba ya son ƙarfe". Allurar ɗibar nama ba ta tayar da kansa. Abin da ke faruwa shi ne da yawa ba sa zuwa asibiti sai cutar ta ci jiki, idan aka rasa su bayan tiyata sai a ɗora wa wuƙa laifi. Sakiyar wanzami da ɗaura magani mai cin fata kuwa miki suke buɗewa, su ƙara jinkiri.

Kuskure na uku shi ne a cire ƙululu a wani ƙaramin asibiti, a nuna wa dangi, a jefar ko a binne. Idan kansa ce, an rasa damar sani, kuma tana iya dawowa da ƙarfi bayan watanni.

Abin da iyali za su yi

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. A ƙasashe masu arziki, inda ake gano cutar da wuri, fiye da mata 90 cikin 100 na kai shekara biyar a raye bayan an gano ta.

Don haka duk wadda ta ji ƙululu ta je asibiti cikin makon, ko da ba ya ciwo. Kafin a yi tiyata, miji ko ɗan'uwan da ya rako ta ya tambayi likita: wane ɗakin gwaji za a kai naman, kuma yaushe sakamako zai fito? Idan ya fito, a karɓi kwafi a adana, domin ita ce takardar farko da za a nema a Gusau, Sakkwato ko Zariya.